Zanga-zangar ɗalibai da murƙushewar gwamnati: ya ake yi allura ke tono garma?

Duk sanda aka ce ɗalibai sun fito kan titi a wata ƙasa, labari biyu ne ke isowa a tare. Gwamnati ta ce 'yan tarzoma ne da wasu suka ɗauki nauyinsu, ɗalibai su ce su da lumana suka fito aka buɗe musu wuta, shi kuma mai bibiyar labarin a waya sai ya rasa na kamawa, balle idan ya ga abun da aka faro a kan kuɗin makaranta ko gurbin aiki kafin wata guda ya koma "shugaba ya sauka". Toh wai ya ake yi hakan ke faruwa? Kuma me ya sa wata gwamnatin ke harbi ta faɗi, wata ta yi harbin da ya ninka wancan amma ta zauna daram?

## Kalmomin da ake cakuɗawa

Zanga-zangar lumana daban, tarzoma daban, kuma rabin rigimar a kan wannan bambancin take, sabida sunan da aka laƙaba wa taro shi ke nuna irin ƙarfin da doka ta yarda a yi amfani da shi a kansa. Sashe na 21 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da na siyasa ya amince da 'yancin taro cikin lumana, haka ma sashe na 11 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam. Amma fa duka biyun sun bar wa gwamnati ƙofa, tana iya taƙaitawa don tsaron ƙasa ko lafiyar jama'a ko haƙƙin wasu. A 2020 kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya yi ƙarin bayani cewa tare hanya ko hana zirga-zirga kaɗai bai mayar da taro tarzoma ba, kuma idan wasu tsiraru suka yi jifa ko ƙone-ƙone, su za a kama, ba a shafa wa kowa laifin ba. Batun bindiga kuwa tun 1990 akwai ƙa'idojin Majalisar da aka amince da su a birnin Habana na ƙasar Cuba: jami'i ba ya harba harsashi mai rai sai in rayuwarsa ko ta wani na cikin haɗari a wannan lokacin. Tarwatsa taro ba ya cikin dalilan.

Ita kuma murƙushewa ba harbi kawai ba ce. Duk matakin da aka ɗauka don a kashe yunƙurin gaba ɗaya, ba don a tsare doka a wurin taron ba, ya shiga ciki: kame, kora daga makaranta, rufe jami'a, haramta ƙungiya, katse intanet.

Sai wani abu da ake yawan haɗawa. Ba duk zanga-zangar matasa ce ta ɗalibai ba. Wadda aka yi a Kenya a Yunin 2024 kan dokar haraji, wadda ta sa Shugaba William Ruto ya ƙi sa hannu bayan an kutsa majalisa, ta matasa ce da suka haɗu a soshiyal midiya, ba ƙungiyar makaranta ce ta kira ta ba. Ta ɗalibai ita ce wadda jami'a ko sakandare ce cibiyarta, a nan ake taro, a nan ake yanke shawara, kuma makamin farko shi ne ƙaurace wa aji ko zaman dirshan a harabar makaranta.

## Me ya sa kullum ɗalibai?

Dalilin bai da wuyar ganewa. Babu wani rukuni na jama'a da ake tara dubbansu wuri ɗaya, su kwana tare su tashi tare, shekarunsu ɗaya damuwarsu ɗaya, kamar ɗalibai. Ma'aikaci kafin ya fita sai ya tuna albashi da iyali da oga, ɗalibi galibi bai da waɗannan igiyoyin a ƙafa. Ga ƙungiya a shirye, da shugabanni da zauren taro, a ƙasashen da aka hana jam'iyyu ma sau da yawa ƙungiyar ɗalibai ce kaɗai ta rage inda ake jefa ƙuri'a a yi mahawara.

Sannan manufofin gwamnati na taɓa su kai tsaye ba sai an fassara musu ba. Kuɗin rajista, alawus, sikolashif, yaren koyarwa, tsarin ɗaukar aiki bayan an gama, shiga soja dole. Kuma su ne aka yi wa alƙawari mafi girma, wato yi karatu ka huta, don haka idan mutum ya hango cewa kwalin da yake wahala a kai ba zai buɗe masa ƙofa ba, fushinsa ya fi na wanda tun asali ba a yi wa alƙawarin komai ba.

## Buƙatar farko ba ta da girma

Idan aka bi tarihi za a ga yawancinsu da ƙaramin abu suka fara. A Soweto ta Afirka ta Kudu ranar 16 ga Yunin 1976 'yan makaranta sun fito ne don ƙin dokar da ta tilasta a koyar da su wasu darussa da harshen Afrikaans. Ba su fito kifar da mulkin wariyar launin fata ba. 'Yan sanda suka yi harbi, Sam Nzima ya ɗauki hoton nan na Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12 da aka harbe, wani saurayi na ɗauke da shi yana gudu, yayarsa na gefe cikin kayan makaranta tana kuka, kuma daga wannan rana maganar ta bar batun yare. Boren ya bazu ƙasar, ɗaruruwa suka mutu, matasa da dama suka tsallaka iyaka suka shiga ƙungiyar ANC mai yaƙi da mulkin wariyar, a 1977 Kwamitin Sulhu ya ƙaƙaba wa Afirka ta Kudu takunkumin makamai na dole. Ranar yaran Afirka da ake yi duk 16 ga Yuni daga nan ta samo asali.

A Najeriya, "Ali Must Go" ta Afrilun 1978 a kan ƙarin kobo 50 ne a kuɗin abincin ɗalibi na rana, lokacin Kanal Ahmadu Ali na riƙe da ma'aikatar ilimi a gwamnatin Obasanjo. Bayan an harbe Akintunde Ojo a Jami'ar Legas sai wutar ta kama sauran jami'o'i, aka kashe wasu ɗaliban a Zariya, gwamnati ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, aka kori shugabanta Segun Okeowo daga makaranta. A Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai sun doshi gadar Kennedy ne kan matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi, jami'an tsaro suka buɗe wuta aka kashe uku, ƙungiyoyin ƙwadago suka shigo, kafin a ankara magana ta koma ta jam'iyyu barkatai, ta kai ga babban taron ƙasa na 1991 da ya raba Shugaba Ali Saibou da yawancin ikonsa. A Sudan ma kisan ɗalibi Ahmed al-Qurashi a Jami'ar Khartoum a Oktoban 1964 shi ya zama sanadin faɗuwar gwamnatin Janar Ibrahim Abboud.

Kaga kenan tsarin kusan ɗaya ne. Kafin harbi, tambayar ita ce ko wannan doka ta dace, kuma mutane da yawa ba ruwansu da ita. Bayan harbi tambayar ta zama ko gwamnati na da ikon kashe 'ya'yan mutane, wannan kuwa ta shafi direba da 'yar kasuwa da liman da kowa. Jana'iza ta zama sabon gangami, a gangamin a sake kashe wani, a sake jana'iza.

## Bangladesh, kwana 36

Babu misalin da ya fito da wannan fili kamar Bangladesh a 2024, don haka bari a bi shi a hankali.

Akwai tsarin da ya ware kashi 30 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga zuri'ar waɗanda suka yi yaƙin 'yancin ƙasar a 1971. An soke shi a 2018 bayan wata zanga-zangar, sai wata babbar kotu ta dawo da shi ranar 5 ga Yunin 2024. A ƙasar da aikin gwamnati shi ne burin miliyoyin masu digiri, ɗalibai suka ga wannan hanya ce ta raba aiki ga iyalan jam'iyya mai mulki, Awami League. Suka fara tare hanyoyi a farkon Yuli, buƙatarsu ɗaya, a gyara tsarin.

Ranar 14 ga Yuli Firaminista Sheikh Hasina ta yi wani furuci da ta ambaci jikokin "Razakar", sunan da ake kiran waɗanda suka haɗa kai da sojan Pakistan a 1971, wanda a can ya fi zagi zafi, kuma ɗalibai suka ɗauka da su take. Washegari reshen ɗalibai na jam'iyyarta, Chhatra League, ya far wa masu zanga-zanga a Jami'ar Dhaka da sanduna. Ranar 16 ga wata a Rangpur wani ɗalibin sashen Turanci na Jami'ar Begum Rokeya mai suna Abu Sayed ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar titi, ya ware hannayensa biyu, sanda ce kawai a hannunsa, 'yan sanda na tsallake suka harbe shi, ya ɗan dafe jikinsa ya sake tsayawa, aka ƙara, ya durƙushe. Kyamara na ɗauka. Kafin dare bidiyon ya shiga kusan kowace waya a ƙasar.

Daga nan gwamnati ta jero duk matakan da aka sani: ta rufe jami'o'i ta ce a bar ɗakunan kwana, ta katse intanet, ta sa dokar hana fita, ta fito da soja. Ranar 21 ga Yuli kotun ƙoli ta zabtare kason zuwa kashi 5, ta ce kashi 93 na guraben a bi cancanta. Wato ɗalibai sun samu abin da suka fito nema, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, sabida a lokacin ana ƙirga gawa ne da ɗaruruwa, buƙata ta koma a hukunta masu kisa, daga baya ta dunƙule ta zama guda ɗaya, Hasina ta sauka. Ranar 5 ga Agusta ta hau jirgi zuwa Indiya bayan manyan sojoji sun nuna ba za su harbi jama'a ba. Ɗaliban "36 ga Yuli" suke ce wa wannan rana, wai a wurinsu watan bai ƙare ba sai da ta tafi. Rahoton ofishin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a Fabrairun 2025 ya ƙiyasta mutanen da aka kashe za su iya kai 1,400.

Abun lura a nan shi ne lokaci. Sassaucin da aka yi ranar 21, da ranar 10 aka yi shi, da wataƙila yau ba wanda zai tuna da zancen.

## Kayan aikin murƙushewa

Wanda ake gani a hoto shi ne barkonon tsohuwa da kulki da harsashin roba da motar ruwan zafi. Wanda ba a gani ya fi tasiri. Rufe makaranta sai baba ta gani shi ne na farko, sabida yana rushe ainihin abun da ya ba ɗalibai ƙarfi, wato taruwa wuri ɗaya, kowa ya koma gidan ubansa inda iyaye za su tsare shi. Sai a tsinci shugabanni ɗaya bayan ɗaya, wani a kore shi, wani a maka masa tuhumar cin amanar ƙasa ko ta'addanci wadda beli ke wuya, wani kuma a ja shi a jiki da muƙami. Akwai turo 'yan daba cikin kayan gida don daga baya a ce ai rikici ne tsakanin ɗalibai. Akwai shafa kashin kaji, a ce 'yan adawa ne ko ƙasashen waje ke juya su. Na zamani kuma su ne katse netwok, da amfani da bidiyon da masu zanga-zangar suka ɗora da hannunsu wajen gano fuskoki a bi mutum gida bayan ƙura ta lafa. Ga ɗaliban da ke karatu a ƙasar da ba tasu ba akwai ƙarin barazana ta soke biza, kamar yadda aka gani a Amurka a 2025 bayan zaman dirshan da aka yi a jami'o'i kan yaƙin Gaza.

Ɗalibai ma sun koyi darasi. A Sabiya, bayan rufin tashar jirgin ƙasa ta Novi Sad ya rufta ranar 1 ga Nuwamban 2024 ya yi sanadin mutuwar mutum 16, ɗaliban da suka mamaye jami'o'i sun ƙi naɗa shugaba, komai a zauren taro ake yankewa da ƙuri'a, ana sauya masu magana da yawu. Babu kan da za a sare kenan. Firaminista Miloš Vučević ya yi murabus a Janairun 2025. Sai dai tsarin na da nasa cikas, idan lokacin sulhu ya zo babu wanda zai sa hannu a madadin kowa.

## Inda harbin ya yi wa gwamnati aiki

Kuskure ne a ɗauka cewa murƙushewa kullum ƙaiƙayi ne da ke komawa kan masheƙiya. A Meziko an kashe ɗalibai a dandalin Tlatelolco ranar 2 ga Oktoban 1968, kwana 10 kafin buɗe gasar Olamfik, aka yi gasar, jam'iyyar PRI ta ci gaba da mulki har 2000. A China an shafe makonni ana zaman dirshan a dandalin Tiananmen kafin soja su shiga a daren 3 zuwa 4 ga Yunin 1989, har yau ana saɓani kan adadin waɗanda suka mutu, kuma jam'iyyar Kwaminis na nan kan mulki. A Hong Kong an janye dokar miƙa masu laifi da ta jawo boren 2019, amma dokar tsaro ta Yunin 2020 ta zo ta rufe fagen gaba ɗaya. Thailand ta ga fuska biyun: ɗalibai sun kori gwamnatin soja a Oktoban 1973, bayan shekara uku aka yi musu kisan gilla a Jami'ar Thammasat, soja suka karɓe mulki a ranar.

Toh me ya raba? Abu biyu ke maimaituwa. Na ɗaya, ko masu riƙe da bindiga da manyan gwamnati sun tsaya wuri ɗaya. A China an samu ɓaraka, shugaban jam'iyya Zhao Ziyang bai goyi bayan amfani da soja ba, Janar Xu Qinxian ya ƙi bin umarni, amma an kawar da su duka, ɗaya ɗaurin talala har ya mutu a 2005, ɗaya kurkuku, sauran suka bi layi. A Indonesiya kuwa an kashe ɗalibai huɗu a Jami'ar Trisakti ranar 12 ga Mayun 1998, ministoci suka fara zamewa, kwana tara bayan nan Shugaba Suharto ya sauka bayan shekara 30 da ɗoriya. Na biyu, ko sauran jama'a sun ɗauki ɗaliban a matsayin 'ya'yansu. Bayan dakarun jihar Ohio sun kashe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent State a Mayun 1970, ɗaruruwan makarantu sun rufe, amma ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna Amurkawa da yawa ɗaliban suka ɗora wa laifi, kuma Nixon ya lashe zaɓen 1972 da gagarumin rinjaye.

Binciken Erica Chenoweth da Maria Stephan kan yunƙuri 323 daga 1900 zuwa 2006, duk da ba na ɗalibai kaɗai ba ne, ya zo daidai da wannan: na lumana sun yi nasara a kusan kashi 53 cikin 100, na makami kusan kashi 26, kuma babban dalilin shi ne lumana ta fi jawo mutane iri-iri, ta kuma fi sa jami'an tsaro su ja baya.

## Me kowane ɓangare ke cewa

Gwamnatoci na da hujjojin da ba a watsarwa haka kawai. Suna cewa su aka zaɓa, ba a mulki da yawan masu ihu a titi, kuma wani ƙarin kuɗin dole ne idan baitulmali ba zai iya ɗaukar jami'o'i ba. Suna nuna ƙone-ƙonen da ake yi, kuma ana yi ɗin, a lokacin zanga-zangar FeesMustFall kan kuɗin makaranta a Afirka ta Kudu an ƙona gine-gine har da ɗakin karatu, a Bangladesh an kashe 'yan sanda da dama, an kai wa magoya bayan Awami League da wasu mabiya Hindu hare-haren ramuwa bayan faɗuwar gwamnati. Shigar 'yan adawa ma ba ƙarya ba ce a lokuta da yawa.

Ɗalibai na amsa cewa sai da suka rubuta takardu suka nemi zama aka share su, cewa ɓarnar galibi bayan harbi take farawa ko kuma sojan gona ne suka yi ta, kuma shigar ɗan adawa cikin tafiya ba ta mayar da ƙorafin ƙarya ba. Masu kare haƙƙin ɗan Adam kuma ma'auninsu shi ne daidaito, ko da an yi jifa, shin martanin ya yi daidai da barazanar, kuma wa aka hukunta bayan an yi kisa? A nan ne rikodin gwamnatoci ya fi rauni, kwamitin bincike dai ana kafawa kusan kowane lokaci, jami'in da ya kai ga kurkuku ne ke wuyar samu.

Akwai ɓangare na uku da ba a cika jin muryarsa ba, ɗaliban da ba su fita ba, masu son a gama samista su karɓi kwali, da shugabannin jami'o'i da ke tsakanin gwamnatin da ke ba su kuɗi da ɗaliban da ke ƙofar ofis.

## Wa ke samu, wa ke biya

Ana samun riba ta zahiri wani lokacin. A Afirka ta Kudu abun ya faro ne daga ƙarin kashi 10.5 a Jami'ar Wits a Oktoban 2015, cikin kwanaki Jacob Zuma ya sanar da cewa babu ƙari a 2016, a Disambar 2017 kuma ya sanar da karatu kyauta ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. A Chile boren 2011 ya kai ga tsarin karatu kyauta ga wani kaso na ɗalibai daga 2016, ɗaya daga cikin jagororinsa, Gabriel Boric, ya zama shugaban ƙasa a 2022 yana ɗan shekara 36. Amma kuɗin da ake cike giɓin da su daga kasafi ɗaya suke fitowa da na asibiti da firamare, don haka muhawarar ba ta ƙarewa, wuri kawai take sauyawa.

Asarar kuwa ba daidai ake raba ta ba. Idan aka rufe jami'a wata shida, mai hali zai mayar da ɗansa makarantar kuɗi ko waje, mara hali ya zauna jira, kuɗin haya na tafiya, shekarun neman aiki na ƙurewa. Wanda aka kora ko aka rubuta sunansa a kundin 'yan sanda zai iya ɗaukar tabon shekaru bayan kowa ya manta da dalilin fitar. Dokar hana fita kuma wanda sai ya fita yake samun na rana ta fi bugawa, shi da bai taɓa taka jami'a ba. Katse intanet ma haka, a Bangladesh masana'antun ɗinkin tufafi da ƙasar ta dogara da su sun tsaya na kwanaki, masu aiki ta intanet suka rasa kwastomomi, iyalai suka kasa karɓar kuɗin da 'yan uwansu ke turowa daga waje, asibitoci na cike da masu rauni amma dangi ba su da hanyar sanin inda nasu yake.

Ko inda gwamnati ta faɗi ma tsugune ba ta ƙarewa. Bayan tafiyar Hasina 'yan sanda sun ɓace daga tituna na kwanaki, ɗalibai ne suka riƙa ba da hannu a mahaɗar hanyoyin Dhaka. Muhammad Yunus ya karɓi riƙon ƙwarya ranar 8 ga Agusta da wasu jagororin ɗaliban a majalisarsa, a Oktoba aka haramta Chhatra League ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci, a Fabrairun 2025 wasu daga cikin jagororin suka kafa jam'iyyarsu, sannan a Nuwamban 2025 wata kotu a Dhaka ta yanke wa Hasina hukuncin kisa a bayan idonta, ita kuma tana Indiya tana cewa shari'ar siyasa ce.